Kunyar Ɗan Fari da Tsaron Kamfani

Duk ran da na ji wani kamfani ya ce ya yi abu kaza "domin tsaronki", raina yakan ɓaci tun kafin in ji ƙarshen maganar. Abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a Oforikrom, cikin Kumasi, sun san haka, har tsokanata suke yi da kalmar. Ban taɓa zama na ba su dalili ba, don dalilin daga Mma, mahaifiyata, ya fara, ita kuwa ba a ba da labarinta a tsaitsaye.

Mma ba ta taɓa kiran sunan yayana ba tun da ta haife shi. Ɗan farinta ne, ita kuma da tsohuwar kunya aka rene ta, wadda iyayenta suka ɗauko daga Damagaram suka sauke a zangon Kumasi tare da tukwanensu. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In ta matsu sai ta ce "wancan", ko "yayanku". Akwai wani maƙwabcinmu a gidan haya mai suna irin nasa, shi ma abin ya shafe shi, har ya yi gemu "mai sunan wancan" take ce masa. Ni kuwa auta, sunana ya ga ta kansa a bakinta. Daga asuba zuwa magariba ana kwaɗa shi, har maƙwabta kan taya ta kira in na yi nisa.

Matan zango na yanzu dariya suke yi wa wannan al'ada, ni ma ban taɓa cewa ta burge ni ba. Na sha ce mata, "Mma, yanzu fa mata har a jikin shago suke rubuta sunan 'ya'yansu." Sai ta ce, "Su suka jiyo." Amma wanda ya zauna gidanmu ya san inda zuciyarta take. Tsoka mafi girma a kwanonsa take faɗawa, kullum wai bisa kuskure. In zazzaɓi ya kwantar da shi ba ta leƙa shi, sai dai a ga ta tashi tana dafa ganyen darbejiya, ta miƙo mini ta ce in kai wa duk mai bukata.

Yayana direban babbar mota ne. A tashar Reskos ya fara da karen mota, ya sha zagi da baƙin mai har aka ba shi sitiyari. Bayan rasuwar Baba wani attajiri a Yamai ya ɗauke shi, yana yi masa jigilar kaya daga bakin teku zuwa Nijar. Daga nan Kumasi ta zama garin da yake ratsowa jefi-jefi, wani lokaci damina ta wuce wata ta zo bai leƙo ba. Ni yake kira a waya. In na miƙa wa Mma sai ta tuna ta bar abu a kan wuta, ko da kuwa ba a hura wutar ba. Abin da take yi kawai shi ne ta rage muryar rediyo har mu gama.

Wani zuwa da ya yi ne ya buɗe asusu a ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu sayar da kaya ta intanet, waɗanda za ka zaɓi abu a waya mai babur ya kawo maka har ƙofa. Sunansa ya sa, amma lambar wayar Mma ya rubuta, don mai kawo kaya ya riƙa kiranta. Adireshi kuwa irin namu na zango: bayan masallaci, ƙofa mai shuɗin fenti, a tambayi tsohuwar da take sayar da koko a da. Kamfani bai ce uffan ba. Ya karɓi sunan, ya karɓi lambar, har ya aiko da saƙon barka da zuwa mai ɗauke da hoton furanni.

Tun daga lokacin kaya suka fara zuwa. Ba wasu manyan abubuwa ba ne. Filas, tocila, fanka mai caji saboda ɗauke wuta, silifa mai taushi don gwiwarta. Duk garin da ya sauka ya samu netwok, sai ya zaɓi wani abu ya turo. Ba takarda, ba gaisuwa. Mma takan dubi kwalin da gefen ido ta ce, "Ajiye can." Washegari kuma sai a gan ta a bakin ƙofa, inda duk mai shiga da fita zai gani, tana shan iskar fanka ko da gari ya yi sanyi.

Wanda ya ci ribar abin shi ne mai babur. Wani ɗan ƙabilar Asante ne siriri, wanda ya saba a karɓi kaya a rufe masa ƙofa. A gidanmu sai Mma ta zaunar da shi a kan benci, ta jero masa gaisuwa da Hausa da guntun yarensu na Twi da ta tsinta a kasuwa. Ina gajiya, yaya hanya, an dai sha rana, ka ci abinci kuwa, ka riƙa tafiya a hankali, manyan motocin nan ba su da tausayi. Ta zubo masa tuwo da tsoka. Shi a zatonsa farin jini gare shi. Mu kuwa mun san duk gaisuwar nan ba tasa ba ce, aro aka ba shi. In Mma ta ce mini, "Mai babur ya kwana biyu," na san abin da take tambaya, sai in ce ai jiya na ji muryarsa, lafiyarsa lau. Ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Haka muka yi shekaru. Sai ga wani lokaci da hanyar arewa ta lalace, ana tara motoci a jira rakiyar soja kafin a wuce, kuma kullum da irin labarin da ake kawowa. A cikin wannan hali wayar yayana ta daina shiga. Na kira har na gaji da muryar matar nan mai cewa a sake gwadawa. Na je Reskos wurin direbobi, kowa da nasa. Wannan ya ce ya gan shi a kan iyaka yana shan shayi, wancan ya ce a'a, motar ubangidansa tana cikin waɗanda aka ƙone, na ukun ya ce shi dai a yi addu'a. Direba in bai san abu ba, ba ya cewa bai sani ba.

Mai babur ma ya ɗauke ƙafa. Mma ta daina fitowa da fanka, ta daina kunna rediyo. Da hantsi takan zauna ta fuskanci ƙofa, duk babur ɗin da ya wuce ta lungu sai ta ɗaga kai. Da wata uwa ce da ta yi kuka ta kira sunan ɗanta, an taru an ba ta baki, ta samu sauƙi. Ita ko wannan ba ta da shi. Tausayinta ya kama ni, haushinta kuma ya kama ni, duka a lokaci guda.

Wata ranar Asabar na ɗauki wayarta zan goge mata saƙonnin talla da suka cika ta, don ita ba ta karatun boko. A tsakanin tallan caca da na maganin basir na ga saƙon kamfanin, da Turanci mai ladabi. Wai sun lura da wani motsi da ba su saba gani ba. Wai an yi yunƙurin shiga asusun daga wata waya, daga wata ƙasa. Saboda haka, domin tsaron mai asusun, sun dakatar da shi.

Daga wata ƙasa! Mutumin da yake karya kumallo a wata ƙasa ya yi sallar la'asar a wata. Shekara da shekaru suna karɓar odarsa daga duk inda ya ga dama, ba su taɓa tambayar ɗan wane ne ba, sai yau suka gano duniya tana da iyakoki. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Wani ya yi ƙoƙarin shiga. In shi ne, to yana raye. In kuwa wani ne da ya tsinci kayansa a bakin hanya, wannan kuma wata magana ce da ban so in ƙarasa ta ko a zuciyata. Kamfani ya san garin da aka yi yunƙurin, ya san ranar, ya san ko an sa kalmar sirri daidai. Abin da duk direbobin Reskos suka kasa gaya mana yana nan a kwamfutarsu.

Na fara da shagonsu na Sofoline, inda ake karɓar kaya. Ashe kwantena ce aka yi wa fenti, da wata yarinya a ciki tana gyaran farce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Sori, madam, mu nan kaya kawai muke bayarwa." Ta nuna mini lambar waya a jikin bango da farcen da bai bushe ba.

Lambar kuwa sai da ta yi mini kiɗa na ƙoshi kafin wani ɗan Adam ya ɗauka. Wata mata ce mai murya kamar zuma. Na ce mata ba kaya nake so ba, ba na neman a buɗe komai, ta dai duba ta gaya mini daga wane gari aka taɓa asusun. Ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai, amma ba za su ba kowa bayani ba sai mai asusun. Na ce ai mai asusun nake nema. Ta ce to in na same shi ya kira su. Na ce in na same shi me zan yi da ku? Ta ce tsaronmu shi ne abin da suka fi damuwa da shi. Na sake kira na samu wani, na sake na samu wata, duk bakinsu ɗaya kamar 'yan amshi. A ƙarshe wani ya ce akwai hanya guda. Tunda lambar da ke kan asusun da katin shaidar Mma aka yi mata rajista, za su kira ta a bidiyo. Ta riƙe katin kusa da fuskarta, ta faɗi cikakken sunan mai asusun da bakinta, daga nan sai a duba.

Na dawo gida ina juya yadda zan gaya mata. Na same ta tana tsince shinkafa. Na faɗa mata komai, har da abin da suke so ta yi. Hannunta bai tsaya ba. Da ta gama ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar ni da faranti.

Gidan haya ba ya riƙe magana, kafin la'asar kowa ya zama mai ba da shawara. Wata ta ce ta rufe ido ta faɗa da sauri kamar mai haɗiyar magani. Wata ta ce ai tsohon yayi ne, a bar wa mutanen ƙauye. Har wani malami maƙwabcinmu aka ɗauko, ya zo da carbinsa ya zauna ya yi bayani mai tsawo, cewa wannan al'ada ce ba addini ba, babu zunubi ko kaɗan ga uwa ta ambaci ɗanta. Mma ta bari ya kai aya, sannan ta amsa daga cikin ɗaki.

"Malam, na san ba haramun ba ne. Ai ba don tsoron wuta na bari ba."

Malam ya tattara rigarsa ya ce Allah ya kyauta.

Washegari da hantsi na fito na gan ta zaune a bakin gado. Ta sa atamfarta ta Juma'a, ta yafa farin mayafi, katin yana hannunta. Ta ce, "Kira su."

A ɗakinmu netwok ba ya ɗaukar bidiyo. Wuri ɗaya ne a duk gidan, tsakar gida kusa da tankin ruwa, inda mata ke wanki da daka. Can na kai mata kujera. Abin da ta ɓoye wa ɗakinta ma, yau a gaban jama'a za ta fito da shi. Amma tsofaffin gidan, waɗanda suka san nauyin abin, suna ganin ta zauna sai suka ajiye taɓarya da bokiti. Ɗaya bayan ɗaya suka kora yara, suka shige ɗakuna suka ja labule. Matasan ne suka tsaya suna shanya kayan da suka riga suka bushe.

Wanda ya bayyana a waya wani saurayi ne da abin magana a kunne. Da ya ga mayafin Mma sai ya juya harshe zuwa Hausa, ashe ɗan wani zango ne na Ankara, babban birnin ƙasar. Na ji sanyi a raina, na ce yau mun samu namu.

"Mma, sannu," in ji shi. "Wannan kol muna rekodin shi saboda tsaro. Ka ɗaga kati kusa da fuska naka. Yawwa. Ka juya hagu. Ka juya dama."

Mma ta juya hagu, ta juya dama, matar da ko hoton biki ba ta yarda a ɗauke ta.

"To Mma, wane ne yana da wannan akawun?"

"Yayan wannan ne," ta ce, ta nuna ni da haɓa.

"A'a, suna shi nake so."

Can ta ce, "Ɗana ne. Na fari." Ko wannan ban taɓa jin ta faɗa ba.

"Mma, ful nem."

Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga hannu. "Sista, mepa wo kyɛw, don Allah, kar ka taimaka shi. In ka faɗa zan yanke kol, kuma shi ke nan." Na yi masa bayani a gurguje, cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ya bari ta gyaɗa kai in ni na faɗa. Ya dube ni kamar na zo masa da tatsuniya. Sai ya yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar wanda bai san abin da yake takawa ba.

"Ei! Uwa bai san suna ɗan shi ba?"

Na ga maganar ta shige ta. Ta sauke katin a cinya, ta gyara mayafi. Leɓenta ya motsa, wani abu ya fito wanda ko ni da ke gefenta ban kama ba.

"Ban ji ba, Mma. Netwok. Ka ƙara."

Sai ta ɗaga kai. Ba wayar ta duba ba, ƙofar gida ta duba. Ta kira sunan da ƙarfi, ta ja ƙarshensa, yadda ake kiran yaro ya bar wasa a lungu ya zo ya ci abinci. Ta haɗa da sunan Baba, wanda shi ma ba ta taɓa kamawa ba har ya koma ga Allah. Mu duka muna kiran wannan suna kullum, amma ban taɓa jin sa haka ba. Masu shanya suka sunkuyar da kai. A bayan wani labule na ji wata tsohuwa ta fashe da kuka. Ni kuwa na riƙe wayar da hannu biyu don kada ta faɗi.

Saurayin ya ce, "Yawwa, ya yi daidai." Ya shiga danne-danne. Muka jira. Da ya ɗago, fuskarsa ta koma irin ta sauran.

"Na gode, Mma. To yanzu ka tabbatar ba kai ne yana da akawun ba."

Na ce ai tun farko mun faɗa. Ya juya Turanci, don abin da zai karanto ba shi da Hausa. Wai bincike ya nuna sunan asusun na mutum ɗaya ne, lambar waya ta wani mutum dabam, wannan kuwa ya saɓa wa ƙa'idarsu. Saboda haka, domin tsaron mai asusun, an rufe shi gaba ɗaya, kuma ba za a ba wani na waje bayani a kansa ba. Na waje! Matar da ta yi naƙudarsa. Ƙa'idar da ta yi barci duk shekarun da ake saye, sai da aka sa tsohuwa ta tuɓe kunyarta a tsakar gida sannan ta farka. Abin da na gaya wa yaron nan ba zan rubuta shi ba, ɗalibaina suna iya karantawa. Ya jira na gama, ya tambaye ni ko akwai wani abu kuma da zai taimaka mana da shi yau.

Mma ba ta jin Turanci. Ta ƙulle katinta a gefen zane, ta dube ni ta ce, "Ya ce yana nan?"

Na ce bai faɗa ba.

Ta ce, "To." Ta ɗauki kujerarta da kanta ta koma ɗaki. Ranar ba ta ci komai ba, kuma babu wanda ya iya shiga ya ce mata ta ci.

Yayana yana nan da ransa. Bayan wasu makonni wata baƙuwar lamba ta kira ni ina tsakiyar aji, na ji muryarsa, na zauna a kan teburin wani yaro ban sani ba. Labarin ba shi da wani tsawo. Suna jiran rakiya a wani gari aka sace masa waya yana barci a ƙarƙashin mota. Lamba ko ɗaya ba ta kansa, wa yake haddace lamba yanzu? Sai ya tuna lambar Mma tana cikin asusun. Ya ari wayar wani direba, ya sa kalmar sirrinsa daidai. Suka ce sun aika lambar shaida zuwa wayar da ke rubuce, wato wayar da yake neman lambarta. Ya gwada, ya sake gwadawa, suka kulle. Sai da ya haɗu da wani direban Reskos da yake da lambata sannan ya same ni. Motsin da ya firgita kamfani ke nan, ɗa yana neman hanyar gaya wa uwarsa bai mutu ba.

Da na gaya wa Mma, ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Sannan ta tashi ta kunna rediyo.

Shi kuma a kira na gaba na ba shi labarin bidiyon. Ina bayarwa ina zagin kamfani, ina jira ya taya ni. Bai taya ni ba.

"Ta faɗa?" ya ce.

Na ce ta faɗa, har da ƙarfi.

"Yaya ta faɗa?"

Na gwada kwaikwayonta, abin ya fito kamar na mai kiran fasinja. Ya ce in bari. Ƙaton mutum mai furfura a gemu, na ji yana jan hanci, ya ce wai mura ce.

Ya zo da babbar salla. Na zuba ido in ga ko wani abu ya canza, ban ga komai ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa wa tabarma. Tsoka ta faɗa kwanonsa bisa kuskure. Na ce masa a ɓoye ya roƙe ta ta sake kiran sunan mana, sau ɗaya dai. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Ashe kunyar ba a gefe ɗaya take ba. Ya koma bakin aikinsa, ya buɗe asusu a wani kamfanin, wani mai babur ɗin ya gaji tuwon na farko.

Damina ta gaba Mma ta kwanta, ciwon bai ja ba ta rasu. Yayana yana hanya aka yi jana'iza, sai addu'ar arba'in ya samu. Bayan an watse muna zaune a tsakar gida, kusa da tankin nan, ya sa na sake ba shi labarin tun daga farko. Da na zo inda saurayin ya ce suna naɗar kiran saboda tsaro, sai ya kama hannuna.

"Suna da shi ke nan?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Muryar Mma tana kiran sunansa tana can a ajiye, a wurin mutanen da ba su san me aka ba su ba.

Muka ɗauko wayarta, wadda ban iya kashewa ba har lokacin. Na sha kiɗa, wata yarinya ta ɗauka. Na ce kiran da aka naɗa muke so, ko sau ɗaya a kunna mana a waya mu ji. Ta ce ana ba da irin wannan ga mai asusu kaɗai. Na ce ga shi nan zaune, da katinsa da fuskarsa. Ta duba ta ce asusun an rufe shi, saboda haka babu wani mai asusu da za su iya tantancewa. Na fara ɗaga murya, yayana ya karɓi wayar daga hannuna. Ya yi mata magana a hankali, da irin ladabin da yake yi wa sojan kan hanya. Ya ce ba ya neman komai, shi ne mai sunan da aka kira, yana so ne ya ji.

Ta ce ta fahimci damuwarsa ƙwarai. Ta ce akwai hanya guda. Wadda aka naɗi muryarta tana da ikon nema, in ta fito a bidiyo da katinta. In mai lambar tana kusa, a ba ta wayar.

Yayana ya dubi ƙofar ɗakin Mma, inda silifarta mai taushi take ajiye har lokacin.

"Ba ta kusa," ya ce.

Yarinyar ta ce ba komai, duk ran da ta dawo mu sake kira. Ya ce mata to.